Wata takwas ina aiki da sabon madubin likita

Gab da faɗuwar damina muka sayi sabon madubin likita a ƙaramin asibitin da nake gwajin jini. Tsohon ya gaji, gilashinsa ya yi hazo har mutum ba ya iya rabe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da dattin rini. Yau wata takwas ke nan kusan kullum idona na kan sabon, mun ci damina tare, ga shi muna cikin hunturu.

Mai ido biyu ne. Gilashin da ake ɗora ido a kai yana ninka girman abu sau 10. A ƙasansa akwai faifai mai juyawa ɗauke da gilasai huɗu, kowanne da zobensa: ja sau 4, rawaya sau 10, shuɗi sau 40, fari sau 100. Idan ka ninka na sama da na ƙasa, za ka samu daga 40 zuwa 1,000. Mai kantin ya yi ta jaddada mini cewa wannan yana kai 2,000, don an haɗo shi da wani gilashin ido mai ninki 20. Na saka, na duba. Hoton ya ƙara girma, amma ko abu ɗaya sabo bai bayyana ba, kamar dai ka buɗa hoto mai dishi-dishi a waya. Shi kansa haske yana da iyaka. Tun 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna cewa irin wannan madubi ba ya rabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita. Shi ya sa jar ƙwayar jini take fitowa sarai, amma ƙwayar cutar shan inna ba za ka taɓa ganinta da shi ba. Gilashin nan mai ninki 20 yana cikin kwalinsa har yau.

Abin da ya sa na yaba na'urar yana ƙarƙashin dandamalin da ake ɗora samfur, inda yawancin masu saye ba sa leƙawa. Fitila tana gindi. Haskenta yana hawa ya shiga kwandensa, wani dunƙulen gilashi da ke tattara shi ya zuba daidai kan samfurin, kuma a jikinsa akwai 'yar ƙofa da ake tsukewa ko a buɗe da ɗan hannu. Idan fitsari nake dubawa, wanda ba a rina shi ba, sai in tsuke ƙofar, nan take ƙwan tsutsar tsargiya ya fito da ɗan tsininsa a ƙarshe. Idan kuma jini ne da aka rina da rinin da ake kira Giemsa, sai in ɗaga kwandensa sama, in buɗe ƙofar sosai. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki wurinmu sukan bar ta a wangale kullum, su ce madubin ba shi da kyau. Da zarar na taɓa ɗan hannun nan sai ka ji sun yi shiru.

Gilashi mai farin zobe shi ne abokin aikina a damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara. Ba ya aiki sai da ɗigon mai tsakaninsa da samfurin, domin man yana karya haske daidai da yadda gilashi ke karyawa, don haka hasken ba ya watsewa a iska. A tsakiyar hoton, zoben ƙwayar zazzaɓi yana fitowa shuɗi da ɗigonsa ja, ba ka da shakka. Bakin gilashin yana da sifirin, idan ka matsa da yawa sai ya noƙe maimakon ya fasa samfurin. Ƙaramin mamurɗin saita gani ma yana tafiya a hankali yadda nake so. Ga batir a ciki, in an ɗauke wuta ina ƙarasa abin da na fara.

Inda ya gaza kuwa, gefen hoton yana dishi-dishi ko da tsakiyar ta fito, sai na riƙa jawo abin da nake nema zuwa tsakiya, kuma a ranar da samfura suka yi yawa ido yana gajiya. Bayan wata uku dandamalin ya fara zamewa ƙasa da kansa, sai da na ɗaure zoben da ke bayan babban mamurɗi. Rigar ledar da aka haɗo da ita ba ta tare ƙurar hunturu, sai na ba tela ya ɗinka mini wata mai kauri. Da damina kuma a akwati nake kulle shi tare da ƙullin gishirin tsotse danshi, domin fumfuna ce ta cinye mana tsohon.

Duk wanda zai sayi irinsa, ya tafi kanti da samfurin jininsa rinanne da ɗan mai, ya sa a kunna, ya duba da mai farin zobe kafin ya biya. Ni dai abin da nake roƙon shugaban asibitinmu yanzu shi ne ya saya mana gilashin ninki 100 irin wanda ke fitar da hoto sarai har gefe, tunda mazaunin gilashin a jikin faifan zai karɓa.