Manhajar MSF Medical Guidelines a hannun ɗalibin aikin jinya

Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971 kuma take aiki a wurare irin su Jahun da Katsina da Magariya, ta tattara littattafan da ma'aikatanta ke dogaro da su a cikin manhajar waya guda da ake saukewa kyauta. Da zarar littattafan sun sauka, ana buɗe su ko babu intanet, kuma akwai su da Ingilishi da Faransanci da Larabci, saboda haka ɗalibar makarantar jinya a Kano da takwararta a Damagaram za su iya duba magani ɗaya, kowacce da harshen karatunta. Ɓangaren muhimman magunguna shi ne ya fi shafar ɗalibi, kuma a kansa wannan sharhi zai tsaya.

An raba magungunan gida-gida: na sha, na allura, ruwan da ake ƙara wa majinyaci, alluran rigakafi, da na shafawa. Kowane magani yana da shafinsa da ke bin tsari ɗaya, daga aikin maganin da cutar da ake ba da shi dominta, zuwa ƙarfinsa da adadin da ake bayarwa, sannan waɗanda bai kamata a ba su ba, da illolinsa, da matsayin mai ciki da mai shayarwa, da yadda ake ajiye shi. Wanda ya saba da tsarin yakan san inda zai kai idonsa ko da dare ya yi kuma aiki ya yi yawa.

Inda manhajar ta fi nuna ƙarfinta shi ne a magungunan allura, domin a nan ne kuskure ke saurin kisa. A ɗauki artesunate, wanda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani. Shafin ya bayyana cewa yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma miligiram 2.4, ana yin ta farko nan take, a maimaita bayan awa 12, sannan bayan awa 24 daga ta farkon. Ya kuma bi haɗin daki-daki: garin da ke cikin kwalba mai miligiram 60 ana narkar da shi da mililita 1 na sodium bicarbonate har ruwan ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti (normal saline) idan ta jijiya za a yi, abin da ke ba da miligiram 10 a kowace mililita. Yaro mai kilo 12 ke nan yana buƙatar miligiram 36, wato mililita 3.6. Idan kuwa a tsoka za a yi, mililita 2 ake ƙarawa, ƙarfin ya ninka, kuma ɗalibin da ya zuƙi mililita 3.6 daga wannan haɗin ya ba yaron ninkin abin da aka rubuta masa. Littattafan aji da yawa sukan faɗi adadin miligiram su wuce, su bar ɗalibi da kwalba da sirinji a hannu.

Gargaɗin da ke shafukan ma a fili yake, babu kwana-kwana. Ba a haɗa ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan da ke ɗauke da sinadarin calcium irin su Ringer lactate, kuma wanda aka narkar da shi da lidocaine, maganin kashe zafi, domin tsoka ba ya shiga jijiya har abada. Ba a tura potassium chloride kai tsaye a jijiya sai an tsarma shi, domin yana iya tsayar da zuciya. Mai jijjigar haihuwa da ake yi wa magnesium sulfate sai an riƙa duba numfashinta da fitsarinta da motsin gwiwarta, ana ajiye calcium gluconate, mai karya ƙarfinsa idan ya yi yawa, a kusa. Oxytocin kuma, allurar da ke sa mahaifa ta matse, firji yake so, batun da ya kamata a riƙa maimaita shi a garuruwan da zafin Afrilu ke wuce 40 a ma'auni kuma wutar lantarki ba ta da tabbas.

Sai dai ɗalibi ya sani cewa wannan littafin aiki ne, ba a rubuta shi domin koyar da ilimin magunguna daga tushe ba. Zai gaya maka a yi hattara da gentamicin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga mai ciwon ƙoda, amma ba zai zaunar da kai ya bayyana yadda magani ke shiga jini, ya bazu a jiki, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi ba. Wanda bai fahimci wannan tafiya ba ba zai gane dalilin da ya sa gentamicin ke taruwa a jikin yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwa har ya taɓa jinsa ba, ko dalilin da ya sa wani magani ake shan sa sau ɗaya a yini wani kuma sau huɗu. Wannan ilimi a aji ake samun sa, kuma shi Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take tambaya a jarrabawa tare da lissafin adadi.

Akwai wasu iyakoki kuma. Manhajar tana amfani da asalin sunan magani, alhali a kantin magani na asibiti sunan kamfani ne ya fi girma a jikin kwali, don haka sai ɗalibi ya koyi karanta ƙananan rubutun. An kuma tsara ƙa'idojinta domin cibiyoyin ƙungiyar, saboda haka idan suka saɓa da ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ko ta asibitin da kake koyon aiki, sai a mayar da maganar ga likitan da ya rubuta maganin ko sistar da ke kula da ɗakin, kada ɗalibi ya yanke hukunci da waya. Tabbatar da cewa majinyacin shi ne, maganin shi ne, adadi da hanya da lokaci duk sun dace, da duba ranar lalacewar magani da rubuta abin da aka bayar a katin majinyaci, duk aikin mai jinya ne da babu manhajar da za ta ɗauke masa.

A ganina wannan manhaja ta fi dacewa da ɗalibin da ya riga ya yi darasin ilimin magunguna kuma ya fara zuwa asibiti, musamman wanda aka tura ɗakin yara ko ɗakin haihuwa.