Sharhi: darasin tsarin kalmomin Turanci na mako shida a Gyaɗi-Gyaɗi

Ana yin darasin ne Asabar da Lahadi, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, a wani ajin firamare da ake ara a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano. Mako shida, zama 12 ke nan, kuma na halarci dukkansu. Hukuncina a taƙaice: wanda ya iya karanta Turanci amma takardarsa ke dawowa shar da jan biro, wannan ya fi masa amfani a kan ya sake haddace lokutan aikatau karo na biyar. Wanda kuwa bai fara haɗa jimla ba, nan ba wurinsa ba ne tukuna.

Abu ɗaya ake koyarwa: kowace kalmar Turanci tana da 'yan rakiyarta, wato abin da ta yarda ya biyo bayanta da wanda ba ta yarda ba. Sanin ma'anar kalma bai wadatar ba. Hanyar ba sabuwa ba ce. A. S. Hornby, Baturen Ingila da ya koyar a Japan, shi ya kasa aikatau na Turanci gida 25 a ƙamusun ɗalibai da Oxford ta fitar a 1948, kakan wanda ake sayarwa yau a shagunan littattafai na Sabon Gari. Zaman farko gaba ɗaya ya ƙare ne a kan karanta alamomin irin wannan ƙamus: T na nufin aikatau so-karɓau (mai buƙatar karɓau, wato mutum ko abin da aikin ya faɗa wa), I na nufin ƙi-karɓau (wanda ba ya buƙatarsa), "sb" mutum, "sth" abu. Da yawa a ajin sun shekara da ƙamus a hannu ba su taɓa kula da waɗannan ba.

Inda darasin ya fi ƙarfi shi ne mako na biyu da na uku, domin Malam ba ya cewa "kuskure ne" ya wuce. Yakan raba allo biyu, Hausa a hagu, Turanci a dama, ya nuna daga inda kuskuren ya taso. Mu muna cewa "ara mini biro" muna kuma cewa "na ari biro", tushe ɗaya ne, shi ya sa bakin Bahaushe ke saurin furta "borrow me your pen". Turanci ya raba su: mai bayarwa "lend somebody something", mai karɓa "borrow something from somebody". Haka "saurare ni", "jira ni", "dube ni": a Hausa karɓau na manne da aikatau kai tsaye, a Turanci kuwa sai an sa 'yar ƙaramar kalma a tsakani, "listen to me", "wait for me", "look at me". Sai kuma akasin haka, inda muke cusa abin da ba a nema. "Mu tattauna a kan maganar" shi ke haifar da "discuss about the matter", alhali "discuss" ba ya son kowa tsakaninsa da karɓausa. "Request for", "order for" da "emphasise on" duk dangi ne idan aikatau ake nufi. Amma fa "a request for money" daidai ne, domin a nan "request" suna ne, ba aikatau ba, kuma daga nan ne ruɗanin ya samo asali.

Akwai wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da ya karanta wa aji saƙon WhatsApp da ya tura wa mai turo masa yadi daga waje: "Please explain me the price and reply me today." Malam ya rubuta shi a allo ya zagaye "me" guda biyun. "Alhaji, wa kake so a bayyana, kai ko farashin?" Aka yi dariya, Alhajin ma ya dara. Bayanin da ya biyo baya shi ne mafi tsabta da na taɓa ji a kan wannan batu. "Give", "send", "show" da "tell" suna ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum sannan abu. "Explain", "describe", "suggest" da "say" ba sa yi, dole abu ya zo sannan "to" da mutum. Saboda haka "explain the price to me", "reply to me", kuma "ya ce mini" ba "he said me" ba ne, ko dai "he told me" ko "he said to me". Kalmar "mini" ce ke ruɗa mu, don ta dace da kusan kowane aikatau a Hausa.

Mako na huɗu na aikatau biyu ne a jere. Wasu na jan "to" a baya: "decide", "refuse", "agree", "promise". Wasu na jan ɗafa-ƙeyar "-ing": "enjoy", "avoid", "finish", "mind". Babu wata doka mai ƙarfi da ke raba su, kuma na yaba da Malam bai ƙirƙiro ta ba, ya ce haddacewa ce kawai. Wasu kaɗan suna karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya: "he stopped eating" ya daina ci, "he stopped to eat" ya tsaya don ya ci. A nan ne aka warware "make him to go", wanda daidai shi ne "make him go" kamar "let him go", amma "allow" da "enable" sai da "to". Da an juya jimlar kuma "to" ta dawo: "he was made to go". Masu rubuta takardar neman aiki su riƙe wannan: "I look forward to hearing from you" ake rubutawa, domin "to" ɗin nan ba irin ta "decide to" ba ce, suna take nema ko mai kama da suna. Irin waɗannan tarkon ne ke yawan fitowa a tambayoyin zaɓi na WAEC, NECO da JAMB, shi ya sa kusan rabin ajin masu sake jarrabawa ne.

Aikin gida jimloli 10 ne kowane mako, daga sana'ar mutum, ba daga littafi ba. Ana dawo da su da gyara a zaman gaba. Ko wannan kaɗai ya ci kuɗin rajistar.

To, ga inda aka gaza. Mako na biyar, na sifa da suna, an yi shi a guje. Takarda ɗaya aka raba mai jerin "good at", "afraid of", "married to", "interested in" har kusan 60, aka ce a je a haddace. Ba a yi musu allo biyu ba, alhali "aure da" ne ke jawo "married with", kuma "ina da mota" ne ke jawo "I am having a car", don kunne na ɗaukar "ina" a matsayin "I am". Sunayen da ba sa ɗaukar jam'i, irin "advice", "information", "furniture" da "equipment", minti goma suka samu. Takardun kansu fotokofi ne da ya koɗe, kuma a amsoshin mako na biyar an buga "congratulate him for his wedding" maimakon "on", sai da wata ɗaliba ta ɗaga hannu aka gyara.

Yawan jama'a ma matsala ne. Mutum kusan 40 a kan bencin yara, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, na baya ba sa jin komai sai ƙarar adaidaita a titi. Idan aka raba lokacin magana, da ƙyar kowa ya samu minti biyu. Sakamakon haka hannu ke gyaruwa, baki bai gyaru ba. A zaman ƙarshe mutanen da suka rubuta "wait for me" daidai a gwaji su ne ke kiran juna "wait me" a bakin ƙofa.

Abu na ƙarshe da ban gamsu da shi ba: Malam na jefa duk Turancin Najeriya a kwandon kuskure. Kalma daban, tsari daban. Babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya a Janairun 2020, har da "Kannywood", "okada" da "danfo", don haka babu laifi a kansu. Tsarin jimla ne mai duba jarrabawa da baƙon da ake ciniki da shi ba sa ɗaga wa ƙafa.

Wanda zai shiga ya tafi da ƙamusun ɗalibai, na takarda ko na waya, ya zauna a layi uku na gaba, ya kuma yanka kwali ƙanana-ƙanana. A fuska ɗaya ya rubuta aikatau, a bayan ya rubuta tsarinsa da jimla biyu nasa na kansa, ya riƙa karanta su da ƙarfi, kati biyar a rana, tunda a ajin ba zai samu damar buɗe baki ba.