Shagon kayan haɗa giyar inabi da ya fara karanta mini doka kafin ya karɓi kuɗina

Da muka sayi gida a wajen Birmingham, jihar Alabama ta Amurka, mun tarar da kurangar inabin muscadine ta lulluɓe shingen baya. Duk watan Satumba sai ta yi 'ya'ya har su riƙa zuba ƙasa, zanzaro na ta shagali a kai. Shekara biyu ina kallon asarar nan, a ta uku na nufi wani ƙaramin shago da ke sayar da kayan haɗa giya a gida. Ni Kirista ne, na kuma san da yawa daga masu karanta wannan ba ruwansu da giya. Na rubuta ne don wanda abin ya shafa.

Na shiga da ƙarfin gwiwa, domin na karanta cewa dokar tarayya ta yarda baligi ɗaya ya haɗa galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, muddin ba za a sayar ba. Na ce a ba ni manyan tulunan gilashi biyar. Dattijon da ke tsaron shagon bai ko motsa ba. Ya tambaye ni gundumar da nake zaune, sannan ya jawo wata takarda da ya liƙa a jikin teburin shagon.

Ashe lissafina na tarayya ne kawai. Tun 1933, da aka soke haramcin giya a Amurka, kowace jiha ke da ikon shimfiɗa nata sharuɗɗan. Alabama sai a 2013 ta halatta haɗawa a gida, ita da Mississippi ne suka zo ƙarshe. Kuma iyakarta galan 15 ne a kowane wata uku, ba a yarda ka ajiye fiye da galan 15 ɗin a lokaci ɗaya ba. Sai ka cika shekara 21, kuma in kana yankin da ya hana sayar da giya, to izinin bai kai ƙofarka ba. Tulu biyar masu cin galan shida-shida sun ninka abin da aka yarda mini.

Ya sayar mini da biyu. Mutumin da ya rage wa kansa ciniki don kada in faɗa hannun hukuma, wannan ya gama saye ni.

Kayan sun yi kyau. Ma'aunin sukari ya nuna 1.090 ranar da na zuba yis, bayan 'yan makonni ya sauka ƙasa da 1.000, alamar yis ya cinye sukarin. Daren farko na zauna a gareji ina sauraron murfin fitar da iska yana ɓul-ɓul. Dama dattijon ya gargaɗe ni cewa muscadine na da tsami da kaurin ɓawo, sai an ƙara ruwa da sukari, haka kuwa aka yi.

Inda suka gaza shi ne abin cusa toshiyar kwalba. Na roba ne, ya tsage a kwalba ta goma sha ɗaya, na kwana da ciwon tafin hannu. Na mayar, suka ba ni na ƙarfe na cika kuɗi, amma tun farko ya kamata su ce kada in ɗauki na robar.

Da zan fita dattijon ya ƙara da cewa kada in kuskura in aika wa ƙanena kwalba ta gidan waya, domin USPS, hukumar gidan waya ta Amurka, ba ta ɗaukar giya. Ƙanen nawa sai ya zo Kirsimeti ya ɗanɗana.