Iskandariyya ko Zanzibar: ina ɗalibin musaya zai nufa?

Garuruwa ne biyu na bakin teku, kowanne da tsohon tarihi, amma ga ɗalibin musaya, wato wanda jami'arsa ta tura wata jami'ar na ɗan lokaci, zaman zangon karatu ɗaya a cikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Iskandariyya ta Masar garin hayaniya ce. Jami'arta ta samu cin gashin kai a 1942, ga katafaren ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, inda ɗalibi zai wuni yana nazari. Sai dai wanda ya tafi da Larabcin Islamiyya zai sha mamaki a kasuwa, domin Bamisire "gamal" yake kiran raƙumi maimakon "jamal". Makonnin farko kunne kawai ake kasawa. Sanyin watan Janairu kuwa, da ruwan sama yake zuwa, a tafi da rigar sanyi.

Zanzibar ta Tanzaniya ƙarama ce, ba ta gaggawa. Swahili ake zuwa koyo, kuma lungunan tsohon garin, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi a 2000, su ne ajin gaskiya. Amma gari ne na 'yan yawon buɗe ido, kuɗin haya na cizo.

Ni dai Iskandariyya zan zaɓa, ko don littattafan nan.