Tsofaffin harsasai masu sunan kanti: abin da na tarar a akwatin Yaya

Bayan an yi addu'ar arba'in ta yayana a nan Bauchi, magada sun zauna da malamin da zai raba gado, an yi wa gida da gona da shanu kuɗi ba tare da wata ja-in-ja ba, sai aka zo kan wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda ba wanda ya san yadda za a ƙiyasta abin da ke cikinsa. Babban ɗansa ne ya same ni har gida ya ce, "Baffa, tunda kai ka yi aikin gandun daji, ka zo ka duba mana harsasan Baba, Malam ya ce ba zai rubuta abin da bai san darajarsa ba." Na je na shafe yini guda a kan tabarma ina juya su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani shi nake son in bayyana, domin na san akwai gidaje da yawa daga Toro zuwa Alkaleri da irin wannan akwati ke ajiye.

Marigayin ya sayi bindigarsa ta farauta ne da lasisi a shekarun 1970, a hannun wani Ba'amurke da ya gama aikinsa zai koma gida, kuma harsasan tare da bindigar suka zo. Ke nan tun ranar da suka shigo gidanmu na hannu ne. Mafi yawansu ƙananan nan ne da ake kira .22, masu zuwa hamsin-hamsin a ɗan kwali, irin waɗanda ake harbin zabin daji da fakara da zomo da su. A jikin kwalayen an rubuta Revelation, kuma wannan suna ne ya rikita yaran, domin ɗaya daga cikinsu ya bincika a wayarsa bai ga wata masana'antar harsashi mai wannan suna ba, sai ya yanke cewa jabu ne.

Ba jabu ba ne. Revelation suna ne da wani kantin Amurka mai suna Western Auto, wanda aka kafa a birnin Kansas a 1909 don sayar da kayan gyaran mota, yake liƙa wa bindigogi da harsasan da yake sayarwa. Kantin bai taɓa ƙera harsashi ko ɗaya ba. Yana ba manyan masana'antu kwangila ne su yi masa, su zuba a kwali mai sunansa, shi kuma ya sayar da ɗan rangwame. Haka kantin Sears ya yi da sunan J.C. Higgins, daga baya ya koma amfani da sunan shahararren ɗan wasan ƙwallon baseball na Amurka, Ted Williams, haka kuma Montgomery Ward ya yi da sunan Hawthorne. Wanda ya san yadda babban ɗan kasuwa ke sa a buga masa sunan shagonsa a buhun shinkafar da wani injin ya casa, ya riga ya fahimci tsarin. Saboda haka sunan da ke kwali ba ya faɗa maka komai game da inganci, sai dai ka juya gindin harsashin ka karanta alamar da aka buga a kai. A irin waɗannan ƙananan, harafin U na Remington ne, H na Winchester, C na CCI, F kuma na Federal, masana'antar da ke garin Anoka a jihar Minnesota, wadda ta daɗe tana yi wa manyan kantuna irin wannan aiki. Da na sa tabarau na duba na Yaya, F na gani. Wato a ranar da suka fito daga masana'anta kaya ne masu kyau, ba su da wani abin raini idan aka jera su da masu babban suna.

Sai dai ranar nan ta wuce da kusan shekara hamsin, kuma a nan ne aikin ƙiyasi yake. Harsashi ba ya lalacewa don tsufa kawai; idan an ajiye shi a wuri mai sanyi, busasshe, yana iya yin gomman shekaru yana tashi lafiya. Abin da ke kashe shi zafi ne da danshi da mai. Ɗakin Yaya na rufin kwano ne, kuma duk wanda ya san Bauchi ya san yadda irin wannan ɗaki yake zama a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, sannan ga laimar Agusta da ke sa ko ashana ta ƙi kamawa. Wannan hawa da sauka sau hamsin suka sha. Ƙananan .22 kuwa sun fi kowane harsashi rauni a wannan fanni, saboda dalmar kansu ba ta matse a bakin kwanso sosai ba, ana shafa mata kaki ne daga waje, maganin da ke tayar da wutar kuma yana shimfiɗe ne a cikin gefen gindin, inda danshi kaɗan ya isa ya raunana shi.

Na kasa su gida uku bisa ga yadda na same su. Kwali huɗu suna cikin wani tsohon gwangwanin madara mai murfi da ke kamawa gam, kuma waɗannan, in dai ido ne zai yi hukunci, ba su da aibu: kwanson na ƙyalli, kakin bai bushe ya farfashe ba, kan harsashin ba ya juyawa idan an murɗa shi da yatsa. Har takardar farashin kantin tana nan a jikin ɗaya, kuɗin bai kai dala ɗaya ba. Wasu kwali biyu kuma a fili suke cikin akwatin, takardarsu ta yi laushi, ga tabon ruwa a gefe. Da na zazzage su a faranti sai na ga dalmar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, wasu kwansunan kuma sun fara fitar da koren tsatsar nan ta tagulla a daidai wuya. Wannan farin gari yana ƙara wa kan harsashin kauri har ya ƙi shiga bindiga da sauƙi, kuma guba ne, don haka na sa aka kore yara daga wurin, na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci.

Kashi na uku shi ya fi ba ni takaici, domin kulawa ce ta kashe shi. Yaya, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son tsabtar kayan aiki, sai ya naɗe wasu harsasai kimanin talatin a cikin tsumman da yake shafa wa bindigar mai, a zatonsa yana kare su daga tsatsa. Tsatsar dai ba ta kama su ba, sun fi kowanne sheƙi, amma kyan ɗan maciji ne, saboda mai yana bin wuyan kwanso ya gangara ciki ya jiƙa albarushin da maganin wutar. Da wani zai kawo mini irin waɗannan ya ce in saya, su zan fara ture wa gefe, alhali mai sayen da bai sani ba su zai fara zaɓa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa iyakar asarar da ke cikin tsohon harsashi ita ce a ja kunama ya ƙi tashi, a cire a jefar. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Akwai wanda yake jinkiri, a ja kunama a ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Na taɓa ganin wannan da idona a bakin aiki: wani abokin aikina ya harba, bindiga ta yi ƙas, ya sauke ta daga kafaɗa yana shirin buɗewa, sai ta tashi ta tone ƙasa taki ɗaya daga ƙafar wanda ke kusa da shi. Shi ya sa ƙa'idar masu harbi ita ce a bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Akwai kuma wanda yake tashi da rabin ƙarfi, ƙarar ta fito a shaƙe, dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu. Idan mai harbi bai lura ba ya aika wani a bayansa, bututun na iya kumbura ko ya tsage. Duk waɗannan ba a ganin su daga waje. Ko kwali huɗun nan masu kyan gani, iyakar abin da zan iya cewa shi ne sun fi sauran alamar lafiya, amma wanda ya biya kuɗi a kansu ya yi cinikin biri a sama.

A ƙasan akwatin akwai kuma 'yan harsasan bindiga mai baki biyu, masu lamba 12, waɗanda ban ɓata lokaci a kansu ba. Masu jikin takarda sun kumbura, wasu jajaye na roba kuma, da alama daga baya ya samo su, bakinsu a karkace yake an toshe da kakin kyandir, shaidar cewa wani ne ya sake cika su da hannu. Ba wanda ya san abin da ya zuba ko yawan da ya zuba.

Saura batun daraja, wanda don shi aka kira ni. A Amurka akwai masu tara tsofaffin kwalayen harsashi don sha'awa, kuma kwalin kantin da ya riga ya shuɗe, idan ba a buɗe shi ba, yana iya fin kuɗin sabo a wurinsu. Yaron da ya yi bincike a waya ya ga haka ya fara murna, sai na tuna masa cewa wannan kasuwa tana can, mu kuma muna nan, kuma ba kaya ba ne da ake sa wa a jaka a hau jirgi da shi. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum riƙe harsashi sai yana da lasisin bindigar da ke cin sa, ta kuma hana cinikinsa sai ga dillalin da aka yi wa rajista. Lasisin irin wannan bindiga daga ofishin Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa, da sunan mutum ɗaya, kuma ba ya shiga rabon gado kamar yadda gona ke shiga. A halin tsaron da ake ciki, saurayin da aka tare a shingen bincike da kwali shida na harsashi zai daɗe yana bayani kafin a saurari labarin akwatin mahaifinsa.

Da muka koma wurin Malam na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, akwatin dai a yi masa kuɗi, ƙarfe ne mai kyau. Abin da ke ciki kuwa kada a rubuta masa ko kwabo, domin rabinsa ya lalace, rabin da ya rage ba wanda zai iya rantsuwa a kansa, kuma dukkansa ba halalin sayarwa ba ne a hannunmu." Ya yi ɗan shiru, ya tambaya ko bindigar ma haka take, na ce ita ma sai abin da hukuma ta ce, sannan ya ja layi a takardarsa.

Washegari ni da babban ɗan muka fara zuwa ofishin 'yan sanda hannu rabbana, da tsohon lasisin da takardar shaidar rasuwa kawai, muka yi bayani, sannan aka haɗa mu da jami'in da ya biyo mu gida ya ƙirga komai ya ɗauka, ya ba mu takardar karɓa. Kafin ya iso, Hajiya ta roƙi a bar mata kwali ɗaya wanda ba komai a ciki, saboda akwai rubutun hannun Yaya a murfinsa, inda ya sa ranar da ya harbo zabi uku a gonarsa ta hanyar Dass. Na juye harsasan da ke ciki a gwangwanin na miƙa mata, yanzu allura da zare take ajiyewa a ciki.