Littattafai Biyar da Na Tarar a Ƙarƙashin Katifar 'Yata

Dogon hutun da ya wuce na lura fitilar waya ba ta mutuwa a ɗakin 'yan mata sai dare ya raba. Na ɗauka hira ake yi da wani. Ranar da suka tafi Islamiyya na shiga na ɗaga katifa, faɗa na cina, sai na tarar da littattafan Turanci guda biyar irin na gwanjo, duk sun sha hannu, ɗaya ma da salatif aka riƙe bangonsa. Jikina ya ɗan yi sanyi. Ni ma ai a nan nake ɓoye littattafan soyayya na Kano muna sakandare, mu karɓo haya a shago, mu cusa a tsakiyar littafin lissafi. Da babbar ta dawo (shekararta 16, 'yar fari ce, ba na kama sunanta) na ce ba ta ƙara buɗe ko ɗaya sai na karanta. Ta ce, "To Umma, amma don Allah kada ki naɗe min shafi." Mako 7 na yi a kansu.

Da Twilight na fara, na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, kuma da ƙyar na kai ƙarshe. Yarinya ce 'yar shekara 17 ta faɗa son wani saurayi mai shan jini, irin waɗanda ba sa tsufa ba sa mutuwa. A ido sa'anta ne, alhali ya haura shekara 100 a duniya. Cikin dare yakan shigo ɗakinta ta taga ya zauna yana kallonta tana barci, ita kuma da ta gano sai abin ya burge ta. Ubanta shi ne shugaban 'yan sandan garin, yana kwance a gidan, bai san wainar da ake toyawa ba. Ni tausayin bawan Allahn nan kawai nake ji. Da ina 'yar 16 na san zan so shi, don mun karanta waɗanda suka fi shi shirme. A shekaruna na yanzu kuwa, makullin taga ya sa na tashi na duba.

The Hunger Games na Suzanne Collins, na 2008, shi ne ya hana ni barci. Gwamnati ce ke karɓar yara biyu, mace da namiji, daga kowace gunduma cikin gundumomi 12, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna har saura ɗaya, jama'a na kallo a talabijin. Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tasha tsakanin shirin gasa da hotunan yaƙin Iraƙi. Kisan bai kama ni kamar wata ƙaramar doka da ke farkon littafin ba: yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai na shekara, amma a ƙara jefa sunansa cikin ƙuri'ar da ake zaɓen wanda zai tafi. Ɗan mai hali sunansa kaɗan ne a ciki, ɗan talaka kuwa kowane mudu da ya ci ya ƙara matso da shi bakin kura. Na ajiye littafin na daɗe ina kallon silin. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗora wa ƙaramar yarinya talla bayan magariba don gida ya samu na tuwo, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan doka.

A nan ne kuma na fara gane cewa ni da 'yata ba littafi ɗaya muke karantawa ba. Katniss, jarumar labarin, tana riƙe da mahaifiyarta a zuci. Bayan ubansu ya mutu a fashewar ramin kwal, uwar ta zauna kamar an dasa ta, ba ta magana ba ta motsi, yara na neman mutuwa da yunwa, sai yarinya 'yar shekara 11 ce ta ɗauki gidan. 'Yata ta ce wannan ba uwa ba ce. Ni kuwa na ga mace a cikin takaba, ba dangi ba maƙwabciya mai leƙowa, ciwo ya danne ta ba wanda ya san sunansa. Mun yi musu har tuwo ya kusa kamu. Aibin littafin a wurina shi ne kai-komon zuciyar Katniss tsakanin samari biyu, a wurin da rai ke hannun Allah. Turancinsa mai sauƙi ne, jimloli gajeru, ɗan aji huɗu na sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus ba.

The Fault in Our Stars na John Green, 2012, soyayya ce tsakanin masu ciwon daji biyu. Hazel tana jan tukunyar iskar numfashi duk inda za ta, Augustus kuma ciwon ya ci masa ƙafa ɗaya. Sun cika iya magana. Yaro ɗan 17 ya buɗe baki sai ka ce farfesa, har na riƙa tambayar kaina a wace unguwa ake haifar irinsu. Akwai inda suka sumbaci juna a gidan tarihin Anne Frank da ke Amsterdam (gidan da yarinyar Bayahudiya ta ɓuya lokacin yaƙin duniya na biyu, kafin a kama ta ta mutu a tsare), mutane na tafi, wanda ban ga dacewarsa ba ko kaɗan, kuma akwai shiga ɗaki da ya kamata iyaye su san da shi kafin su miƙa wa yaro. Duk da haka a nan na yi kuka. Ba a kan masoyan ba. Akwai wurin da Hazel ke tuna daren da aka ɗauka ba za ta kai safe ba, ta jiyo mahaifiyarta na kuka tana cewa daga yau ta daina zama uwa. Ita kaɗai suka haifa. Na yi jinyar ƙanwata wata 4 a asibiti, na ga yadda mahaifiyarmu ke fita baranda ta share ido, ta dawo da murmushi tana tambayar ko za a sha kunu. John Green ya san wannan barandar.

Wanda na fi ɗoki shi ne Children of Blood and Bone, 2018, saboda marubuciyar, Tomi Adeyemi, iyayenta 'yan Najeriya ne ko da yake a Amurka aka haife ta. Ƙasa ce ta ƙirƙira a kan al'adun Yarbawa, inda wani sarki ya karkashe masu tsafi, 'ya'yansu masu farin gashi suka koma abin wulaƙanci. Sai dai ta ari sunayen garuruwanmu ta watsa su yadda ta ga dama. Ilori ta koma ƙauyen masunta a bakin teku. Jimeta ma a bakin teku, matattarar 'yan ta-kife. Na yi dariya har maigida ya leƙo. Wanda bai san Najeriya ba ba zai ji komai ba, ni kuwa kowane suna sai ya fizgo ni daga labarin. Ya haura shafi 500, gudu da faɗa ba hutawa, tsakiyarsa ta gajiyar da ni. Kiran alloli da surkulle sun cika shi, don haka na zaunar da ita muka yi magana a kan bambancin tatsuniya da aƙida.

Na ƙarshe shi ne zan saya da kuɗina: The Hate U Give na Angie Thomas, 2017. Starr baƙar fata ce 'yar 16, tana zaune a unguwar talakawa, tana karatu a makarantar masu kuɗi inda yawanci farare ne, kullum da harshe biyu a bakinta. Tana cikin mota ɗan sanda ya harbe abokinta Khalil, wanda ba ya ɗauke da makami, ita ce kuma shaida. Ashar ya yi yawa a ciki, wannan gargaɗi ne. Amma cikin biyar ɗin, nan kaɗai na ga gida mai iyaye a tsaye. Uban tsohon ɗan kurkuku ne da ya tuba ya buɗe kanti, uwar ma'aikaciyar jinya ce, suna faɗa suna shiryawa, suna ƙwace waya idan an yi laifi. Tun tana shekara 12 uban ya zaunar da ita ya koya mata abin yi idan jami'i ya tare ta: hannu a fili, ba zabura, ba magana sai an tambaye ki. Kusan kalmomin da maigidana ya faɗa wa ƙaninsa ke nan ranar da ya fara tuƙi, saboda shingen hanya. Kawun Starr kuma ɗan sanda ne mai ƙaunarta, abin da ya hana labarin zama na fari da baƙi zalla.

Na mayar mata da huɗu, na ce Twilight ya ɗan huta a durowata. Ba ta yi musu ba, ta ce dama ta karanta shi sau uku. Washegari da safe sai ga ta a kicin da littafin Hazel a hannu, fuska a haɗe.

"Umma, kin naɗe min shafi."

Na ce ban tuna ba. Ta buɗe wurin ta karanta a tsaye, ta ɗago ta dube ni, sannan ta ce ita da ta zo nan wucewa kawai ta yi, hankalinta na kan ko Augustus zai kira. Ta bar naɗin yadda yake, ta ɗauki wuƙa ta hau yanka albasa.