Ungozoma, likitan mata ko haihuwar gida: wanne ya dace da cikinki?

'Yar uwa kafin ki yanke inda za ki haihu, ki fara zama da ƙwararriyar ungozoma ta asibiti tukunna ta duba ki, don ba duk ciki ne iri ɗaya ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau 8, na farko cikin sati 12 na farkon ciki, a kuma yi sikanin kafin sati 24, a nan ake gane inda aka dosa.

In cikinki lafiya lau yake, ɗa ɗaya ne, jini bai hau ba, ba suga, to ni dai wajen ungozoma zan nuna miki, musamman in wadda ta riƙe ki tun awo ita za ta karɓi haihuwar. Ta san jikinki, ta san abin da kike tsoro, kuma ta kirki ba za ta ce miki "kwanta kawai" ba, sai ta yi miki bayanin ruwan naƙuda, me ya sa ake ƙari (ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa hanyar fitowar jariri), wane maganin rage zafi suke da shi, amfaninsa da illarsa, sannan ta bar ki ki zaɓa, wallahi wannan zaman ba ƙaramin kwantar da hankali yake ba.

Amma fa in an taɓa yi miki aiki, ko tagwaye ne, ko jariri bai juya ba, ko jininki ya kai 140/90, asibiti mai likitan mata da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini kike buƙata. Ita kanta ungozomar za ta tura ki, in ta ce ba komai ki tsaya a wajenta to ki canza wuri.

Haihuwar gida kuwa akwai sakewa, sai dai zubar jini da jijjiga ba sa sallama, in ba ƙwararriya a kusa da mota a shirye ni ban goyi baya ba.

Ko'ina kika je ki tambaye su, akwai ma'aikaciya da daddare? Kuna da allurar tsayar da jini? In abu ya rikice minti nawa ne zuwa inda ake tiyata, wa zai kai ni? Za ku bar wani nawa ya zauna da ni lokacin naƙuda? Ki lura da fuskarta in kina tambayar, wadda ta ɓata rai yanzu ranar naƙuda ma ba za ta saurare ki ba.